Ƙarfen da Aka Sa wa Inna

Inna ta faɗi ne a bakin rijiyar gidanmu a Toranke, ana dab da fara cirar gyaɗa. Ba wata faɗuwa ba ce, santsi ne ya kwashe ta ta zauna daɓas, amma ta kasa tashi. Lokacin ina aiki a sakatariyar Ajingi. Na zo na ɗauke ta muka tafi asibitin Gaya, daga can aka tura mu Kano.

Likitan ƙashi ya ɗaga hoton ya nuna min inda ƙashin ƙugunta ya karye. Ya ce, "Ƙashin mahaifiyarka ya yi laushi, kamar itacen da gara ta ci. In na ɗaura sukurun ƙarfe a ciki haka kawai, ba zai kama ba. Zan cusa simintin ƙashi a ramin don ya riƙe shi. Amma sai ta yi wata biyu ba ta taka ƙafar nan ba. Ka ji ni?" Na ce na ji.

Aiki ya yi kyau, muka dawo gida, yayata ta zo daga Gaya tana jinyarta. A sati na uku mijin yayar tawa ya aiko ta koma na kwana biyu. Ranar Asabar ɗin ce Baba ya kira gayya gonarsa. Ina zaune kusa da Inna ya ɗaga labule.

"Tashi ki ɗora tukunya, mutane na gona."

Ta ce, "Malam, likita fa ya ce kar in taka."

"Likita ne ke aurenki? Ƙarfe aka sa miki, har da siminti. Katangar gidan nan ma ba ta samu siminti ba, ga ta can a tsaye."

Na ce, "Baba, bari in roƙi maƙwabta su dafa."

Ya juyo ya dube ni. "A ce gidana babu mai tuƙa tuwo? Kama ta."

Na kama ta. Da gemuna, da 'ya'yana uku, amma ban taɓa ce wa Baba a'a ba. Na sa hannu a hammatarta na ɗaga ta. Na kai ta gindin murhu. Ta daure ta yi talge tana zaune, amma tuƙi sai da tsayuwa. Ta miƙe ta dafa muciya, ta juya sau biyu, sai na ji wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara. Ta sulale ƙasa. Ba ta yi ihu ba, salati kawai take.

Baba ya leƙo ya ce a sauke tukunyar kar tuwon ya kama.

A Kano likitan ya daɗe yana kallon sabon hoton. Ya ce sukurun ya tsago ƙashin ya fito tare da simintinsa, babu sauran wurin da wani zai kama. Sannan ya tambaya, "Wa ya tayar da ita?"

Kafin in buɗe baki, Inna ta ce, "Ni na tashi da kaina, likita."

Aka sake yanka ta aka ciro ƙarafan, aka ba ni su a leda. Da muka dawo Baba ya karɓa, ya kankare su da wuƙa, ya gyara ƙyauren rumbunsa da su. Duk baƙon da ya zo dubiya sai ya ja shi ya nuna masa, yana cewa ƙarfen asibiti ne, ba ya tsatsa.

Inna ba ta sake takawa ba. Shekara biyu ta yi a kan katifa kafin Allah Ya karɓi abinsa. Ba ta taɓa yi min maganar ranar ba, kullum na shigo sai ta sa min albarka ta tambayi yara. Amma in lokacin juya ta ya yi na miƙa hannu, sai ta ce, "Bar shi, kira min yayarka."