Manaja da Kwaɗon Inbata

Mahaifina ya yi shekara talatin da biyu a tashar jirgin ƙasa, aikinsa canja wa jirage hanya. Da ya ajiye aiki ba mu gan shi ya huta ba, sai ya dawo da tashar cikin gidanmu. A barandar da ke tsakanin ɗakinsa da kicin akwai makunnin da ake juyawa daga wutar kamfani zuwa janareta, to nan ya kafa kujerarsa ta roba. Ana ɗauke wuta zai miƙe, ya sauke hannun makunnin, ya tayar da janareta. Ana kawowa zai kashe, ya ƙirga goma a bayyane, sannan ya mayar. Maƙwabta suka sa masa Manaja, shi kuma ya amsa abinsa.

Abin da yake gadi kuwa firij ne. Inna na da ciwon suga, kullum sai an yi mata allura, ruwan allurar nan kuma ba ya son zafi. Shekara goma sha ɗaya kwalaben suna zaune a ƙofar firij, Baba na zaune a baranda. Har da wata ɗabi'a da ta ishe ni: ya cika saman firij da robobin ruwa su daskare, ko nama ka kawo babu wurin sawa. Na yi magana har na gaji.

Ni ce babba, ma'aikaciyar jinya ce ni, shi ya sa yake ce mini Likita, musamman in yana son ya ƙular da ni. Ni na tara ƙannena na ce tsohon nan ya kusa saba'in da biyar yana jan igiyar janareta, mu sa musu sola ya huta. Wallahi da kyakkyawar niyya na yi.

Mai sola ya jera faifai a rufi, ya ajiye batir, ya maƙala inbata, wato na'urar da ke sarrafa wutar, a bangon baranda, daidai saman kujerar Baba. Ya yi mana bayani dalla-dalla. Da rana, in ji shi, hasken rana ne zai riƙe gidan ya kuma cika batir. In kayan da aka kunna sun fi ƙarfin abin da rana ke bayarwa, inbata zai ɗebo cikon daga wutar kamfani, daidai abin da ya rage kawai. In kamfani ya ɗauke, batir zai karɓa, ko ƙiftawa fitila ba za ta yi ba.

Baba ya gyara hula. "Tsaya, malam. Wutar rana da wutar kamfani, lokaci ɗaya, cikin waya ɗaya?"

"Ƙwarai, Baba. Shi yake auna su."

"Wa yake tsaye a kai?"

"Babu kowa. Ai daɗin abin ke nan."

Baba ya dube ni kamar na kawo masa ɗan damfara har gida. Ya ce shi ya ƙare ƙuruciyarsa yana hana jirage biyu shiga hanya ɗaya, kuma da idonsa ya ga talabijin ɗin maƙwabcinmu ta yi hayaƙi ranar da janareta ya haɗu da wutar kamfani. Mai sola ya ce wannan daban, wancan daban. Baba ya ce to, Allah ya sa. Ni na san wannan "to" ɗin, ba ta yarda ba ce.

Sati biyu lafiya lau. Da damina ta kankama sai waya ta fara damuna a wurin aiki. Auta, ƙanwarmu da ke zaune tare da su, ita ce mai kira: "Yaya, wuta ta mutu, kuma maƙwabta suna da ita." Na kira mai sola, ya zo ya duba, ya tarar an sauke makunnin da ke shigo da wutar kamfani. Ashe kullum da safe, rana na fitowa, Baba zai miƙe ya rufe wa kamfani ƙofa don kada su yi karo. In hadari ya rufe rana, inbata ya nemi ciko ya rasa, sai ya koma kan batir ya tsotse shi tas kafin la'asar.

Na lallashi Baba. Na zana masa a takarda. Na sa mai sola ya nuna masa ɗan allon da ke jikin inbata, ga hoton rana, ga hoton turken wuta, ga kibiyoyi suna shiga gida tare. Ya sa tabarau ya kalla tsaf, ya ce zane ne, kowa ma ya iya zane. Washegari ya sake saukewa. Sau huɗu ana haka! Rana ta huɗun na taɓa cikin firij na ji ya fara ɗumi, raina ya ɓaci iya ɓaci.

"Baba, don girman Allah, me wannan abin ya tsare maka? Maganin Inna kake so ya lalace?"

"Maganin nata nake tsarewa, Likita."

"To ka daina tsarewa! Kada ka ƙara taɓa komai a bangon nan."

Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba, amma a lokacin ko a jikina. Na kira mai walda ya ƙera akwatin ƙarfe mai 'yan huji don iska, ya rufe inbata da makunnin gaba ɗaya. Na danna kwaɗo, na jefa makulli a jaka, na tafi gidana ina jin na yi maganin abin.

Baba ya miƙe. Ya janye kujerarsa daga baranda ya mayar ƙofar gida. Wata guda cur wayata ba ta yi ƙara ba, har ina yi wa abokan aiki fariya.

Wata Asabar na je musu yini. Kwana uku ke nan ana ruwa, sama ta yi baƙi ƙirin. Auta ta tara wanki tana guga, injin jan ruwa na aiki, ni kuma na jona tukunyar lantarki. Baba ya leƙo ya ce, "Babu wutar kamfani fa tun asuba."

Na nuna masa fitila. "Wannan kuma mece ce, Baba?"

"Ni dai na faɗa. Ba kwa jin janaretan mai shagon unguwa?"

Auta ta ce mai shago ai ko da wuta sai ya tayar, ni kuma na ce inbata ya san aikinsa. Baba ya juya ya fita. Da a ce na duba allon nan da na ga turken wuta ya ɓace, na ga batir ya kusa ƙasa. To allon yana cikin akwati, makullin kuma yana cikin ɗaya jakar tawa, can gidana. Ni da hannuna na rufe abu ɗaya tak da zai gaya mana gaskiya.

Ana kiran azahar komai ya tsaya cak. Mai sola ya ce a waya wani turke ne ya faɗi a unguwar, gyara sai Litinin ko Talata, batir kuma ba zai farfaɗo ba sai rana ta fito sosai. Janareta? Ni na bayar da shi kyauta tun watan jiya, don kada Baba ya samu abin ja. Na zauna ina jiran rana, rana ta ƙi. Can wajen la'asar tunanin allura ya faɗo mini. Na ruga na buɗe firij, ya huce, ruwa na ɗiga, inda kwalaben suke zama kuma wayam.

"Inna! Ina maganinki?"

Tana kan tabarma tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Je ki tambayi Manaja."

Na same shi a ƙofar gida. A ƙarƙashin kujerarsa ga tsohuwar kular da yake zuwa aiki da ita, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Na buɗe. Robobin ƙanƙarar nan da nake yi wa tsiya ne a jere, kwalaben Inna a tsakiya, an naɗe su da tawul don kada su taɓa ƙanƙarar. Sanyi ƙalau. Tun da ya ga Auta ta jona dutsen guga ya kwashe su, ya kuma aika wa mai shago sauran robobin a sa masa a firiza.

Na tsuguna a wurin. Shi ya fara magana.

"Ban taɓa bangon ba, Likita. Kin ce kada in taɓa."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba tun ina yarinya. Na ce ya yafe mini, ya ce in rufe kular, sanyi na fita.

Ranar Litinin na kawo makulli, mai walda ya cire akwatin. Mai sola ya ja waya ɗaya kai tsaye daga wutar kamfani ya sa jan ƙwan fitila a baranda, shi kaɗai ne a gidan ba ya bi ta inbata. In ya mutu, babu guga, babu jan ruwa, kuma Baba ne mai faɗa. Makunnin kuwa na sa Baba ya yi mini alkawari a gaban Inna cewa ba zai ƙara taɓa shi ba, ya yi, yana ta ƙunƙuni.

Kada ku ɗauka ya yarda. Har gobe yana cewa wata rana za su yi karo, kuma a tuna shi ya faɗa. Kujera ta koma baranda, saman firij ya sake cika da robobi. Yanzu ina tsakiyar duba marar lafiya waya za ta yi ƙara: "Likita, an ɗauke." Bayan minti ashirin: "Likita, an kawo." Jiya sau bakwai ya kira ni, kai jama'a! Kuma duk bakwai ɗin na ɗauka.