Rijiyar Mahaifinmu a Bayan Katangar Kamfani

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, kuma shi nake roƙo ya hana ni wanke kaina a inda laifin nawa ne.

Mahaifinmu dillalin shanu ne. Yana da fili a bayan ganuwar Katsina, in ka fita ta Ƙofar Guga ka ɗan taka kaɗan, inda Fulani masu kawo dabbobi kasuwa suke sauka. A tsakiyar filin ya gina rijiya, Allah kuma ya sa mata albarka, ba ta ƙafewa ko a bazarar da rijiyoyin unguwa suke komawa laka. Da ciwon ajali ya kama shi sai ya kira mu, ni da yayata, don mu biyu kaɗai ya bari. Ya ce filin namu ne, mu yi yadda muka ga dama da shi, amma rijiyar ba tamu ba ce, ya riga ya ba Allah ita. Duk mai ƙishirwa, mutum ko dabba, kada a tare masa hanya. Muka ce mun ji, mun ɗauka.

Ni dillancin hatsi nake yi a Babbar Kasuwa. Ban yi boko ba. Allo na yi, na sauke, na zauna gaban malamai na ɗan lokaci, rubutuna kuma ajami ne. Abin da na tashi na gani a ciniki shi ne, ga mai saye, ga mai sayarwa, ga dillali a tsakiya. Dillalin nasu ne su biyun. Shi yake daidaita su, shi yake sallamawa, in gardama ta taso daga baya shi ake kira ya faɗi gaskiya, ko da za ta cutar da wanda ya kawo shi. Da wannan idon na kalli lauya ranar da na fara ganinsa, kuma daga nan abin ya soma lalacewa.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, gari ya cika da sababbin motoci da maganar kwangila. Wani kamfanin takin zamani ya shigo yana neman inda zai gina sito, aka nuna masa filinmu. Manajansu ya zo gidana da hantsi tare da lauyansu. Lauyan ɗan gari ne, daga wajen Ƙofar 'Yandaka, na san gidansu, mahaifinsa ma mun zauna zaure ɗaya da shi wajen karatu. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi iyali da kasuwa da ƙarfin jiki, bai gajarta ko ɗaya ba. Raina ya kwanta nan take.

Haya suke so ta shekaru masu yawa. Na ce na yarda, da sharaɗi ɗaya: rijiya ta zauna a buɗe, da hanyar da shanu suke bi zuwa gare ta. Manajan ya yi murmushi ya ce wannan ai ba komai ba ne. Ban tsaya nan ba. Na aika aka kira limamin unguwa, aka kira Ardo, wato shugaban Fulanin da suke shayarwa a rijiyar tun zamanin mahaifinmu. Na maimaita sharaɗin a gabansu, manajan ya sake cewa ya yarda, liman ya yi addu'a, muka shafa Fatiha, har da lauyan. Bayan sun tafi na ɗauko tawada na rubuta komai a ajami, da sunayen shaidu, na ninke na sa cikin gafaka. A wurina ciniki ya ƙullu ke nan.

Bayan kwana kaɗan aka kira ni ofishin lauyan in sa hannu. Takardar ta Turanci ce, ganye da yawa, an ɗinke su da jan zare. Ya faɗa mini abin da ke ciki a dunƙule, shekarun haya da abin da za a riƙa ba mu. Sannan ya ajiye biro a gefe ya dube ni.

"Malam, da ka tafi da ita ka kai wa wani lauya ya duba maka tukuna."

"Wani lauyan kuma? Kai mene ne?"

"Haka aka saba yi. Kowa da nasa."

"Barista, in na ɗauki takardarka na kai wa wani, ai na ce ban yarda da kai ba ke nan. Da wane ido zan kalli mahaifinka?"

Ya sake faɗa sau ɗaya, a hankali, yana kallon teburinsa. Na ɗauka tawali'u ne irin na 'ya'yan manya. Na sa hannu. Da zan tashi na tambaye shi la'adarsa, ya ce kamfani ya riga ya sallame shi. Na fito ina sa masa albarka, ina cewa a raina yaron nan ya yafe mini kason da zan biya. Ni da na yi shekaru ina dillanci, ban tsaya na tambayi kaina ba: wanda gefe ɗaya kaɗai ya biya, na waye shi?

Da damina ta wuce suka fara gini. Ban je ba, kasuwar hatsi ta buɗe, ina can. Wata ranar da rani ya fara nisa sai ga Ardo a rumfata, da sandarsa a kafaɗa. Muka gaisa kamar yadda muka saba, ya tambayi gida, na tambayi ruga da dabbobi. Sai da muka gama duka ya ce:

"Malam, an sa wa ruwan babanka ƙofa."

Muka tafi tare. Katangar bulo ta zagaye filin gaba ɗaya, ta fi tsayin mutum, da ƙofar ƙarfe da maigadi. Shanu suna tsaye a jikin katangar daidai inda tsohuwar hanyarsu take, sun sa hanci a bulo. Suna jin ƙanshin ruwan. Mata biyu da tuluna suka gaishe ni, suka wuce.

Na nufi ofishin lauyan da takardata ta ajami. Ya karɓe ni da ladabin nan nasa, ya karanta ta, don ya iya. Ya ce duk abin da na rubuta haka aka yi, yana wurin. Na ce to alhamdu lillahi, sai ya je ya faɗa musu.

"Malam, ni lauyan kamfani ne. Ba zan iya tsaya maka a kansu ba. Na so in gaya maka ranar nan."

Na ninke takardata na fito.

Yayata ta girme ni da nisa, mijinta ya rasu, tana zaune a gidanta da jikoki. Ita ba ta raga mini. Da na gama ba ta labari ta ce, "Auta, kai da ko buhun gero ba ka saye sai ka soka hannu har ƙasa, ka sa hannu a abin da ba ka iya karantawa? Mi za ka ce wa Baba in kun haɗu?" Wannan tambayar ita ta bi ni har cikin salla. In na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai in ji nauyi, kamar wanda ya toshe wa mutum hanyar abinci sannan ya zo gaishe shi.

Na shiga neman lauya, ban san yadda ake zaɓensa ba. 'Yan kasuwa suka kai ni wurin wani da sunansa yake tashe lokacin, ofishinsa cike da 'yan siyasa. Ya buga tebur ya ce sai ya sa kamfanin nan ya rushe katangar da hannunsa. Zancen ya yi mini daɗi ƙwarai. Sai da na fito titi na lura takardar yarjejeniyar tana hammatata, bai ko nemi ya buɗe ta ba. Ban koma ba.

Yaya ce ta samo na ƙarshen. Wata maƙwabciyarta mai injin niƙa ta taɓa rigima da wanda ya kafa mata injin, lauyan nan ne ya raba su. Banufe ne, ya daɗe a Katsina, ofishinsa ɗaki ɗaya a saman wani shagon ɗinki. Na ce wa Yaya yanzu Banufe zan kai wa kukana? Ta ce ai ɗan gari na kai wa da farko.

Da ya ji ni Bakatsine ne na cikin ganuwa sai ya gyara zama. "Yau bawa ya kawo kansa gidan ubangijinsa," in ji shi. Tsakaninmu da Nufawa akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka na ce masa rashin sa'a ce ta sa yau sarki ya hau benen talaka. Ya yi dariya, ya karɓi takardar, ya karanta ta daga farko har ƙarshe, yana bin layi da yatsa. Na zauna ina jin ƙarar keken ɗinki daga ƙasa. Sannan ya ce in matso, ya fassara mini ita layi-layi da Hausa. Babu rijiya a ciki ko sau ɗaya. Kusa da ƙarshe akwai wurin da ya ce duk wata magana da aka yi kafin wannan takarda, ta baki ko ta rubutu, ta faɗi.

Na miƙa masa tawa ta ajami. Ya ce in karanta masa, na karanta.

"Rubutu mai kyau. Sun sa hannu?"

"Sun shafa Fatiha."

"Wannan kotun da za ta karɓi Fatiha tana nan zuwa, Malam, kuma can kai ke da gaskiya. Amma ta nan hannu take nema. Lauyansu ya ce ka kai wa wani ya duba?"

"Ya ce. Sau biyu."

"Ka ƙi saboda kunya. Ku Katsinawa dama da ita kuke taƙama. To ga ta nan ta gina maka katanga."

Na tambaye shi ko za mu ci shari'a. Ya ce ba zai yi mini alkawarin abin da bai sani ba. Sai ya soma yi mini tambayoyi da ban ga haɗinsu da rijiya ba, har ya zo kan ko an raba gadon filin. Na ce ba a raba ba, ni da Yaya ba mu taɓa ganin dalili ba. Ya ce ita ta sa hannu? Na ce a'a, ni ne namiji, ni na tsaya mana. Ya ajiye takardar ya ce:

"Ka ba da hayar abin da ba naka kai kaɗai ba. Wannan ita ce ƙofar da muke da ita, amma ta kanka za a bi a shiga. Sai ka yarda a rubuta cewa ka yi kuskure."

Ya shimfiɗa mini hanya biyu. Kotu, wadda za ta iya cin shekaru, shanu kuma ba sa jiran alƙali. Ko kuwa ya rubuta wa kamfanin da sunan Yaya, su ji tsoron rasa siton, a zauna a daidaita. Ya ce in je in yi shawara da mai rabon, ba da kaina kaɗai ba wannan karon. Yaya ta ce a rubuta.

Wasiƙu suka yi ta kai da komo har bazara ta shigo. Kamfanin ya ƙi buɗe ƙofa, ya ce kayansa na ciki. Abin da aka samu a ƙarshe shi ne za su sa inji a rijiyar, su fito da bututu ta jikin katanga, da famfo da kwamin siminti a waje don dabbobi. Banufen ya rubuta sabuwar takarda, ya karanta mana kowane layi a zauren Yaya, ni kuma ina bi ina rubutawa a ajami. Ya sa manajan ya sa hannu a duka biyun, tasa da tawa. Yaya ta dangwala yatsa. Lauyan kamfanin ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa masa a gajarce.

Amma kafin ruwa ya fito ta bututun, Ardo ya riga ya tashi. Maruƙa sun fara faɗuwa a doguwar tafiyar neman mashaya, ya kwashe garken ya yi kudu. Na gan shi sau ɗaya bayan haka a kasuwa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, na ce masa an yi kwami, ruwa yana zuwa. Ya ce madalla, Allah ya jiƙan mai rijiya. Bai ce zai dawo ba, kuma bai dawo ba.

Famfon yana nan. In akwai wuta ko an kunna inji, mata suna ɗiba, awakin unguwa suna sha a kwamin. In babu, sai a jira. Na tambayi malamai ko ladan mahaifinmu yana gudana yadda yake a da, suka ce Allah mai yalwar falala ne. Na yarda da haka. Sai dai shi cewa ya yi kada a tare hanya, ni kuma na san ranakun da famfon yake bushe.

A ciwonta na ƙarshe Yaya ta ce tana son ruwan rijiyar Baba. Na ɗauki buta na tafi da kaina. Na roƙi maigadin ya bar ni in shiga in zura guga, ya ce ko ya bar ni an rufe bakinta da siminti, sai bututu kawai. Na tara a famfo na kawo mata. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye.

"Ƙarfe-ƙarfe yake yi, Auta," ta ce, ta miƙo mini kofin.

Na ɗanɗana. Haka ne.