Jifan Kawu Idi

Duk wanda ya zauna da Kawu Idi a unguwar Misfala ta Makka ya san ba ya miƙa wa mutum abu, jefowa yake yi. Ka ce ya ba ka makulli, sai ya ja da baya, ya leƙa ta kafaɗarsa kamar an kira shi, ya ɗaga ƙafar hagu, sannan makulli ya taho. Ni 'yar ƙanwarsa ce, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Inna. Tun ina yarinya har na yi furfura ban taɓa cafe abin da ya jefo mini ba. Rufe ido nake yi.

Da ƙuruciyarsa ya yi aikin ban ruwa a filin wasan Amurkawa masu aikin mai, can gabashin Saudiyya. A nan besbol ya shiga jininsa. Wani ya jefa ƙwallo, wani ya yi ƙoƙarin kwaɗa ta da sanda ya ruga. Kawu bai damu da masu sanda ba, 'yan ɓarna yake ce musu. Mai jifa ne mutuminsa, musamman wanda ya yi abin da yake kira cikakken wasa: mutum ashirin da bakwai su zo ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da su duka, ba wanda ya taka ko zangon farko.

Da ɗana Usamatu ya sa masa irin waɗannan wasanni na da can a waya, gidan ya shiga uku. Idan mai jifa ya yi nisa, ba mai tari. Wai a can ma haka ake yi, abokansa su bar shi shi kaɗai a ƙarshen benci, kada kowa ya ambaci abin da ke faruwa.

Wata rana na kawo masa shayi na ce, "Kawu, saura mutum uku ke nan ya gama?"

Ya kife wayar a cinya. "Inna, uskuti, yi shiru! Za ki ɓata wa bawan Allah aiki."

"An yi wasan nan tun kafin a haife ni fa. Ka san ƙarshensa."

"Ni na sani. Shi bai sani ba."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na ji a wa'azi cewa camfi kan kai mutum inda ba ya so. Tun daga ranar nake tsoron kada Kawu ya koma ga Allah da wannan abu a zuciyarsa.

Ga kuma batun Mina. Shekarun da yake da ƙarfi, tsofaffin alhazai da yawa shi suke wakiltawa ya yi musu jifan Shaiɗan. Da idona na gan shi cikin cunkoso ya ɗaga ƙafa. Ban samu natsuwa ba sai da na je wurin limamin unguwarmu.

Liman ya ce, "Tsakuwar ta faɗa inda ake so?"

"Ta faɗa, Malam."

"Ya yi kabbara?"

"Ya yi. Amma ƙafar fa?"

"Hajiya, ƙafarsa ce."

Da na gaya wa Kawu, sai ya gyara hula. "Duk shekarun nan ina jifan Shaiɗan, kin taɓa ganin ya maido ko guda?"

A kasuwar Ka'akiyya kuwa masu kayan marmari sun san shi. Ba ya duba zaƙin lemo, yatsu biyu yake ɗora masa ya juya. Wanda bai zauna a hannu ba, ko kyauta ba ya karɓa. Mun sha tsami a gidan nan ba kaɗan ba.

Da ciwo ya kwantar da shi a mustashfa, wato asibiti, na ga jikin ba na tashi ba ne. Na yi ta juya maganar, ina tsoron in faɗa in ɓata masa rai, ina tsoron in yi shiru in ɗauki alhaki. Daga ƙarshe na matsa kusa da gadon.

"Kawu, wannan shirun da kake sa mu yi. Ka tabbata ba camfi ba ne? Magana ai ba ta hana abin da Allah ya rubuta."

Ya ce, "Wa ya ce tana hanawa? Mutumin yana jifa ne ɗaya bayan ɗaya. Kina gaya masa saura kaza, sai ya fara lissafi, jifan ya lalace. Tausayi ne, Inna. Da kike da cikin Usamatu, bayan waɗancan da suka zube, kin taɓa jin na tambaye ki wata nawa?"

Bai taɓa ba. Kowa na tambaya, kowa na ba ni shawara, ni kuma ina ta lissafi cikin fargaba. Kawu kaɗai ke zuwa ya zauna can bakin ƙofa, ya yi ta labarin Amurkawa, ya bar mini lemo mai tsami ya tafi. Ranar suna ne ya wurga hularsa sama ta maƙale a fanka.

Ina share hawaye sai ya lalubi dabino a kan tebur. Ƙafar ta ɗan motsa a ƙarƙashin bargo. Na rufe ido, dabino ya same ni a goshi.

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Ke kam ba ki da gyara."

Bayan kwana kaɗan ya rasu, aka sallace shi a Harami. Yanzu da ya gama, ina ganin babu laifi a faɗa: Kawu ya yi jifa mai kyau. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya tausaya masa fiye da yadda Kawu ya tausaya mini. Amin.