Mai Walda da Husufin Rana

A layinmu ba mai kiransa da sunansa. Manya su ce Mai Walda, yara su ce Baba Tartsatsi. Shagonsa na kallon ƙofar gidana. Tun yana saurayi yake haɗa ƙofofi da tagogi, kuma bai taɓa shiri da gilashin kare ido ba. Yakan saita ƙarfe, ya runtse ido daidai lokacin da wuta za ta tashi, hannu ya ƙarasa sauran.

Shi ya gyara wa 'yata keken guragunta lokacin da ciwo ya hana ta tafiya. A bakin shagon take yini tana tsokanarsa.

"Baba, kai da ke aiki ido rufe, wata rana sai ka liƙe hannunka a ƙofar mutane."

"Sai su samu ƙofa har da mai gadi."

Ita ta gaya masa za a yi husufin rana cikin damina, ta sa ya yi alkawarin za su kalla da gilashin nan nasa. Ta rasu kafin ruwan farko.

Ranar husufin gari ya tashi da hadari. Mai Walda ya kashe inji, ya wanke gilashin, ya fito da benci, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Maƙwabci, fito. Na ce mata zan gani."

Muka zauna cikin yayyafi. Ta cikin gilashin ba a ganin komai sai baƙi, don haka ya ajiye shi a cinya. Telan layinmu ya leƙo daga shagonsa.

"Ku kuma lafiya? Ruwan kuke gadi?"

"Koma ka ƙarasa wandon mutane," in ji Mai Walda.

Can gajimare ya tsage, haske ya faɗo mana. Ya kai gilashin fuska da sauri, amma ido ya riga shi, ya runtse kamar yadda ya saba. Kafin ya buɗe, hadari ya haɗe. Ni na hango ranar ta bayan siririn gajimare, gefe ɗaya a gutsure.

Mai Walda ya ajiye gilashin a kan benci. Sannan ya jawo guntun faranti na ƙarfe, ya zana da'ira da alli, ya miƙo mini allin.

"Nuna mini inda ta gutsure."

Na zana. Ya ce in gyara, zanen ya karkace. Na goge da babban yatsa, na sake. Ya tashi da farantin, ya kunna inji zai yanko siffar.