Gajiyar da ba a yi aikinta ba

A gidanmu a unguwar Aboabo, gajiya ladar aiki ce. Mma, wato mahaifiyata, ta yi rayuwarta a bakin tukunyar koko, kuma a ganinta ba ka da ikon cewa ka gaji sai ka nuna abin da ka ɗauka. Ni kuwa na fara tashi daga barci da jiki kamar jiƙaƙƙen zani, ban ɗauki ko tsinke ba.

Likitoci sun ce ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka ne, suna kiransa em-es. Mma ta yarda da jan ƙafar da nake yi, don tana gani da idonta. Gajiyar ce ta ƙi shiga kanta. "Lalaci ne," in ji ta, "tun kina yarinya haka kike." Maganar nan ta fi ciwon ci mini rai.

Wata rana ta raka ni asibiti. Likitar ta ce yau gajiyar za a auna, da yake kuma ba ta jin Hausa, ta kira wata nas da ta koyi Hausa a kasuwa ta yi mana tafinta. Nas ta dube ni ta ce, "Anti, ina gajiya?"

"Ba gajiya," na ce. Bakina ne ya amsa gaisuwa kafin hankalina ya iso. Nas ta juya ta shaida wa likita cewa ba na gajiya ko kaɗan. Mma ta gyara zama, ta yi mini kallon ai-na-faɗa.

Da ƙyar na warware musu cewa Bahaushe ko a makara yake, haka zai amsa. Likitar ta yi dariya, ta ce to in zaɓi lamba, daga ɗaya zuwa goma. Gomar wa? Ta Mma ko tawa?

Sai ta sake salo. Ta ce in faɗi abin da nake yi bara wanda ya gagare ni bana. Na ce kitson 'yata nakan bar shi rabi, in ce mata wayata na ƙara. Na ce idan na yi wanka sai na kwanta na huta kafin in sa kaya. Sannan na faɗi wanda ban taɓa gaya wa kowa ba: Asuba kaɗai nake yi a tsaye, sauran sallolin a zaune nake yin su, na kulle ƙofa don kunya.

Muka fito. A tasi, har muka wuce masu katako na unguwar Anloga, waje Mma take kallo. Na ɗauka fushi ne.

Ba a jima ba aka yi suna a maƙwabta. Mata sun cika tsakar gida, ana tuƙa tuwo, ni ina gefe a kan benci. Wata ƙawar Mma ta ɗaga murya: "Hajiya, ɗiyar nan taki ta iya hutu paa, sosai ma! Ta zo ta kama muciya mana."

Na yunƙura zan tashi, kamar kullum. Mma ta dafa kafaɗata ta mayar da ni zaune.

"Ku bar ta," ta ce. "Ta gaji."