Batir Huɗu da Kiɗan Renita

Mijin yayata, Otha Bledsoe, ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a kudancin Chicago, kuma a iya sanina bai taɓa jefa wasiƙar wani a gidan wani ba. Mutum ne mai tsari har abin ya yi yawa. Safar ƙafarsa ma jera ta yake yi, ta Litinin daban, ta Talata daban. Ni ce Verlene, ƙanwar matarsa. Ina zaune a saman bene, shi yana ƙasa, don haka abin da zan faɗa a kansa ganau ce ni, ba jiyau ba.

Da kaɗa jita aka san shi a coci. A shekarar 1987, abokin kiɗansa mai riƙe da babbar jitar nan mai kaurin murya ya ishe shi da rashin zuwa gwaji. Otha ya fusata, ya shiga shagon tsofaffin kaya, ya fito da wani ɗan akwati ruwan azurfa, ƙirar Japan, tsawonsa bai kai kamu guda ba. Mai shagon ya rantse masa cewa akwatin zai yi aikin mutumin nan tsaf, ga shi ba ya makara, ba ya shan giya. Abin da bai gaya masa ba shi ne, tuni aka daina ƙera irinsa saboda ba mai saye. Otha ya yi kwana uku yana fama da littafin bayani, kuma abin da ya fito daga ƙarshe kamar kwaɗo ne ya faɗa bokiti.

Fasto ya saurara har ƙarshe, sannan ya dafa kafaɗarsa. "Ɗan'uwa Bledsoe, Ubangiji yana karɓar kowace murya. Amma wannan ka bar ta a gida."

Haka akwatin ya koma saman firji, kusa da kwandon burodi.

Yayata Renita tafireta take bugawa a wani ofishin inshora, kuma yatsunta ba su san zama ba. Wata Asabar da rana tana jiran wake ya nuna, sai ta sauko da akwatin. Shi ba a kaɗa shi kamar piyano. Sai ka fara shigar da sautukan ɗaya bayan ɗaya, ka dawo ka faɗa masa wanda zai ja da wanda zai yanke, taku goma sha shida, sannan ka danna ya yi ta maimaitawa. Wannan ne ya gagari Otha, ita kuwa a wurinta buga wasiƙa ne kawai. Ta gama, ta danna, ta kama 'yan kunnuwan nan shida da ke samansa tana murɗawa. Sai kwaɗon nan ya fara gurnani, ya yi ƙasa, ya taso yana tsuwa, ya sake nutsewa. Ina yanka albasa a gefe, ban ankara ba sai ga ni ina juya ƙugu da wuƙa a hannu.

Maƙwabcinmu Cleophus, mai saka faifai a bukukuwa, ya leƙo ta taga. "Mis Renita, don Allah me kike yankawa a ciki?"

"Shigo ka gani, uban gulma."

Ya shigo, ya koma da gudu ya ɗauko nasa akwatin mai buga ganguna, ya haɗa su. Waken ranar nan dai ƙonewa ya yi.

A lokacin kiɗan rawar da ake kira haus ya kama samarin gari, kuma ba mu kaɗai ne muka gano abin da akwatin nan ke ɓoyewa ba. A wasu gidajen ma ana ta murɗa masa kunne, har salon ya sami suna, asid, ya ƙetare teku. Wasu sun yi faifai, sun yi suna, sun hau jirgi. Mu ba mu je ko'ina ba. Namu dai shi ne kiɗan Renita, wanda ake sakawa sau ɗaya a shekara, ranar Asabar ta farko a watan Yuli, in unguwa ta fita lambun shaƙatawa gashin haƙarƙari da kaji. Ƙarfe biyu na rana ita za ta tsaya tana murɗawa, Cleophus yana kan ganguna, Otha yana riƙe mata lema yana hura hanci sai ka ce shi ya ƙera abin.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Renita. Taku goma sha shidan nan da ta shigar suna nan a ƙwaƙwalwar akwatin, kuma batir huɗu ne ke riƙe da su. In batir ya mutu ko aka cire shi ba wuta a jiki, akwatin ya manta komai. Kula da batir ɗin nan ya zama aikin Otha na biyu bayan ya yi ritaya. Samari sun sha zuwa taya akwatin, har wani Bajamushe ya yi masa tayin abin da zai sayi mota. Otha ya ba shi shayi, ya ce masa akwai mutum a ciki. Da aka tuna masa cewa rabin unguwa suna da kiɗan a wayoyinsu, cewa ya yi hoton kaza bai taɓa ƙosar da kowa ba. "Wannan yatsunta ne suka sa shi," in ji shi.

Kowace shekara, safiyar ranar fita lambu, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburin kicin, ya jona wayar akwatin a bango, ya cire tsofaffin batir, ya yi rabin sa'a yana goge mazauninsu da auduga, sannan ya sa sababbi. Ba a magana, ba a tari. Ni kuwa sai na leƙo na ce, "Likita, yaya mai jiki?"

"Fita, Verlene."

To, bara murhuna na sama ya lalace, ga shi ni ce ke kai kek ɗin dankali zuwa lambu. Na sauko da kayana. Otha yana tsakiyar aikinsa, batir huɗu a jere kan ƙyalle. Na leƙa bayan tebur, wurin jona wuta biyu ne duk a cike, na fizge wata baƙar waya na jona injin kwaɓa fulawata. Ai ba a rubuta wa waya suna ba. Na kwaɓa, na fasa ƙwai, na sake kwaɓawa, har da 'yar waƙata.

Ya gama, ya rufe, ya danna don gwaji kamar kullum. Abin da ya fito ba kai ba gindi, tsuwa nan, shiru can. Ya sake dannawa. Sannan ya bi wayar da ido har ƙasa, inda kanta ke kwance a daɓe.

"Verlene. Me kika cire?"

Kunya ta kama ni, tausayinsa kuma ya fi kunyar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zare tabarau ya ajiye, ya zauna, ya ce, "Ta tafi." Can ya ƙara da cewa, "Kira Cleophus, ki ce ba ni da lafiya."

"Ai Cleophus zai iya kwaikwayo daga wayar salula ya sake sa maka."

"Ya zama kiɗan Cleophus ke nan."

Na goge hannuna, na hau sama, na buɗe gwangwanin da nake ajiye katunan girke-girke. Na zaro na kek ɗin dankali, wanda mai ya ɓata gefensa, na sauko na ajiye masa a kife.

A bayan katin akwai layi goma sha shida da rubutun Renita, kowane sauti da abin da za a danna masa. Otha ya mayar da tabarau da sauri.

"Ina kika samo wannan?"

"A asibiti ta ba ni. Ta ce kar in nuna maka sai ranar da ya ɓace, don in ba ka da abin lura da shi, bushewa za ka yi a kujera."

"Ita ta san zai ɓace?"

"Haba mijin yaya! Da me kake tsammani rediyonta na kicin yake aiki? Kana fita raba wasiƙu take kwashe maka batir. Kafin ka dawo ta mayar, ta sake buga kiɗanta cikin minti biyu."

Ya buɗe baki. "Sau nawa?"

"Ni dai na ƙirga tara, na gaji."

Ya fara dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta sake dawowa dariya. Sai ya ga 'yan kalmomin da ke ƙasan katin, ya karanta a fili: "Otha, ba a cikin batir nake ba. Sa tabarau, ka bi a hankali, kar ka tsallake na tara."

Da yatsa ɗaya ya shigar, ina karanta masa. Karon farko ya tsallake na tara. Karo na biyu ni na ruɗe, ya ce in je in ji da fulawata. A na uku kwaɗon Renita ya yi gurnani, ya yi ƙasa, ya taso, daidai yadda ya yi ranar da wake ya ƙone.

Ƙarfe biyu na rana muna lambu. Cleophus ya saki ganguna, Otha ya kama kunnuwan akwatin, tsofaffin unguwa suka ajiye faranti suka miƙe da gwiwoyinsu masu ciwo. Wata tana ihu, "Murɗa, Mista Bledsoe, murɗa!" Ba wanda ya san abin da ya faru da safe. Kek ɗina dai bai samu zuwa ba, kuma har yau ana yi mini gori.

Katin bai dawo gwangwanina ba. Yana aljihun rigarsa, in zan yi kek sai na sauko na roƙi a ara mini gabansa, yana tsaye a kaina har in gama.

Kwanakin baya na ji rediyo yana magana a ƙasa da hantsi, na sauko in ga ko baƙi ya yi. Tsohon rediyon Renita ne a kan firji da batir huɗun nan a cikinsa, akwatin kuwa yana tebur a buɗe, ba batir, ba waya. Otha ya sa tabarau, kati a hannun hagu, yana bin rubutunta da yatsa.

"Me ya faru kuma? Wallahi ban taɓa komai ba."

Bai ɗago kai ba. "Ni na cire," ya ce. "Yi shiru, na kusa na tara."