Baba ya ga dawakin Ingila

Jiya aka kwance wa Baba bandeji bayan aikin ido, bai ce uffan ba har muka iso gida. Shekara biyu ke nan yanar ido ta hana shi gani, tun da ya bar kamfanin uraniyom a nan Arlit.

Muna shiga ya tsaya gaban tsohon zanen da wani Bature abokin aikinsa ya bar masa, na sojojin Ingila bisa dawaki ana tsakiyar yaƙi.

Ya ƙura wa zanen ido. Na matso kusa da shi.

"Baba, kana gani kuwa?"

"Mamman, mai jar rigar can har yanzu bai hau dokinsa ba! Kuma wa ya rataye min hoto a karkace?"

Na durƙushe ina dariya da hawaye. Alhamdulillahi.

Ku fa, faɗan mahaifi ya taɓa yi muku daɗi haka?